Littattafan Kokowa

A shekarata ta biyu a lise, wato babbar sakandare, a Tawa, na zama ɗan juyin juya hali. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, bayan na karanta rabin wani littafi mai jan bango da wani ɗan ajinmu ya ara mini. Rabi kawai na karanta, don sauran rabin ya fi ƙarfin Faransancina. Amma rabin nan ya ishe ni in daina taje gashi, in riƙa ce wa kowa "kamarad", in kuma riƙa hararar mai shagon unguwarmu, bawan Allah mai sayar da sukari da sabulu, a matsayin abokin gabar talakawa.

Ba ni kaɗai ba ne. Muna da ƙungiya, in dai za a kira samari masu wando ɗai-ɗai ƙungiya. In an tashi daga aji sai mu taru a gindin wata bishiyar bedi bayan gidan da nake zaune, mu ɗora shayi, mu hau gyaran duniya. Shugabanmu muna ce masa Sakatare, dogo ne siriri, mai tabarau da aka ɗaure masa ƙafa da zare. Yau Alhaji ne mai shagon siminti, tumbinsa ke riga shi shiga masallaci, amma a lokacin in ya buɗe baki sai ka ji kamar gobe da safe za a raba arzikin duniya daidai wa daida. Shi ke da wa a jami'a a Yamai, kuma ta hannun wan nan littattafai ke zuwa mana, ɗaya bayan ɗaya, har suka cika kwalin sabulu.

Me ba mu karanta ba a kwalin nan? Akwai masu magana a kan ma'aikata da masu masana'antu, akwai na manoma da masu gonaki, akwai na yadda baƙar fata zai kwance igiyar da aka ɗaura masa. Mu kuwa a Tawa ba mu taɓa ganin masana'anta da idonmu ba, sai injin niƙa. Mun taɓa cinye yamma guda muna gardama ko mai injin niƙa na bakin kasuwa ɗan jari-hujja ne ko ma'aikaci, tunda shi ke da injin, kuma shi ke komawa gida fari fat da gari. Ba mu rabu ba sai da shayi ya ƙone. Dokarmu ita ce littafi ba na wani ba ne, na kowa da kowa ne, kuma wanda ya naɗe kunnen shafi sai ya miƙe tsaye ya soki kansa a gaban jama'a. Ni na sha yin wannan tsayuwar, don da naɗe kunnen shafi aka haife ni.

Ina yi wa kanmu dariya yanzu, amma ina son littattafan nan har cikin raina. Ni ɗan ƙauye ne, na zo birni da takalmin roba, ina jin kunyar yadda nake magana. A cikinsu na fara ganin an rubuta cewa talauci ba halin mutum ba ne, kuma wanda ya noma hatsi yana da bakin magana a kan hatsin. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka da Faransanci.

Ƙarshen shekarar nan aka yi yajin karatu, aka kori wasu ɗalibai, sai raɗe-raɗi ya bazu cewa za a bi gidaje ana binciken takardu. Ko gaskiya ne ko ƙarya, har yau ban sani ba. Sakatare dai ya tara mu ya ce dole kwalin ya bar gari kafin babban hutu ya ƙare. Ƙauyenmu yana arewa, gaba da Affala, inda jandarma ba ya zuwa sai an saci raƙumi. Tun kafin ya rufe baki na ɗaga hannu. Ya dafa kafaɗata, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kamarad, dukiyaj jama'a na hannunka. Yadda kaɗ ɗauke ta, hakanan za ka maido ta." Na yi alkawari gaban kowa, ƙirjina kamar ya tsage don alfahari.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a ƙauyenmu ba a shigowa da kwalin sabulu a wuce da shi ɗaki shiru. Ina sauke shi a tsakar gida kakata ta taso tana sa mini albarka, wai jikanta ya tuna da ita, bana ta huta da wanki da toka. Kafin in ce wani abu babana ya yanke igiyar da wuƙa. Ya ɗaga littafi ɗaya, ya ɗaga na biyu, fuskarsa ta canza.

Babana bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, amma ya yi rani da yawa a Abijan yana bidar kuɗi, ya tsinci Faransancin da ya ishe shi ya gane abin da ke gabansa. Mutum ne mai sanyi, ba ya duka, ba ya ɗaga murya, shi ya sa in ya yi magana ake tsoronta.

Ya ce, "Mi na wanga?"

Na ce, "Takardun karatu na, Baba."

"Karatun wane aji? Ni na yi yawo, yaro, na san irin wanga jan bango. Irinsu na sunka sa anka koro ɗiyan mutane. Na sa ka lakkwal don ka zam mushe, malamin lakkwal, ba don in riƙa kai maka hura gidan kaso ba."

Ya sa hannu aljihu ya fito da ashana. Ni kuma, da na iya jawabi mai tsawo a gindin bedi, sai na nemi bakina na rasa. A gaban ubanka ba a cewa kamarad.

Wanda ya cece ni kakana ne, mahaifin babana. Tsohon ɗan kokowa ne, wanda a zamaninsa aka ce in ya shiga fage makaɗa sai sun canza kiɗa. Lokacin da nake ba da labari gwiwoyi sun ci amanarsa, da sanda yake tafiya, amma hannunsa ɗaya ya kai nawa biyu. Tsakanina da shi sai tsokana, kamar kowane kaka da jika. Yana ce mini ɓarawon matarsa, ina ce masa tsoho mai cin tuwon banza. Abin da ya fi so a duniya bayan salla shi ne rediyonsa, musamman in ana kokowar ƙasa. Ranar nan ba ya cin abinci sai an yi kaye, kuma yana saurare ko da wane harshe ake bayani, har na Nasara.

Ya dogara sanda ya iso, ya karɓi littafin da ke hannun babana. A bangon an zana wani ƙato ba riga, damatsa kamar turmi, ya ɗaga dunƙulallen hannu sama.

Ya ce, "Kai! Wanga ƙato ɗan wane gari na? Ɓarawon matata, karanta mini abin da anka rubuta bisa kainai."

Na karanta masa da Faransanci yadda yake. A ciki akwai kalmomi biyu da mu ƴan ƙungiya muke nufin gwagwarmayar talakawa da masu hali da su, wato "lut" da "kilas". Tsoho yana jin ta farko ya buga sanda a ƙasa.

"Lut? Lut ta rediyo? Ai wagga na san ta! Lut kokowa ta. Kilas kuwa ba ita kuka ce ma aji ba? To ga ta nan, kokowal lakkwal ta, aji da aji. Ashe Nasara sun rubuta kokowa ga takarda, ba wanda yag gaya mini!"

Wallahi na buɗe baki zan gyara masa. Ɗan juyin juya hali ba ya barin jama'a cikin duhu, haka Sakatare ya koya mana. Sai na ji kakata ta taka mini ɗan yatsan ƙafa da dukan nauyinta, tana kallon sama kamar mai duban hadari. Na haɗiye gyaran.

Babana ya ce, "Baba, ba kokowa ba ta."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ka taɓa shiga hwage? Ko ɗan akuya ka taɓa kadawa? To bari masu abu su yi magana." Ya sa aka kai kwalin ɗakinsa, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Da yamma babana ya same ni ina wanke ƙafa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Tsoho ya ce ka riƙa karanta mai. To karanta mai, kuma ka karanta da kyau. Ranad da yag gane mi ac ciki, shi da kainai za shi miƙo mini su, rannan za su ci wuta." Ya wuce abinsa. Na san ba wasa yake ba, kuma na san bai yi kuskuren lissafi ba, don kakana ba ya son a raina masa hankali.

Haka muka shiga damina. Da safe gona, ni da hauya da tafin hannun ɗan lise da ya kumbura ya fashe tun makon farko. Na karanta shafuka da yawa a kan darajar manomi, ba wanda ya ambaci ciwon baya. In an yi la'asar kuma sai a shimfiɗa tabarma a gindin aduwa, ƙofar ɗakin tsoho, in ɗauko littafi. Na yanke wa kaina shawara ba zan yi masa ƙarya ba. Abin da aka rubuta shi zan juya masa da Hausa, shi kuma ya ji abin da ya ga dama.

Ai kuwa ya ji. Na ce masa tun da aka fara duniya mutane sun kasu gida biyu suna fafatawa. Ya ce daidai ne, haka ake yi, arewa da kudu. Na ce gida ɗaya ana ce musu burzuwa, su ke da dukiya da injuna, suna ci ba sa aiki. Ya ce ya san irinsu, masu ƙiba da yawan layu, in ka kama su sai santsi. Na ce ɗaya gidan ana ce musu furoletariya, ba su da komai sai ƙarfin damtsensu. Nan ya tare ni.

"Hurera wa? Mace ta?"

"A'a, tsoho, taron ma'aikata na."

"To sunan bai yi ba. Wa za shi ji tsoron mai wanga suna? Burzuwa dai, kai, wanga suna na ƙato. Makaɗi na jin shi ya samu abin kiɗi."

Kafin a yi nisa labari ya zaga gari cewa ana karatun kokowar Nasara a ƙofar tsoho. Tsofaffi suka fara zuwa da buzayensu na zama, wani da goro, wani da carbi. Akwai wani tsohon makiyayi, Buzu, abokin kakana tun suna samari, da ba ya fashi. Shi ya ga kowa ya bi bayan Furoletariya, sai ya ce bai kamata a bar mutum ba magoyi ba, shi yana bayan Burzuwa. Daga ranar, duk lokacin da na karanta cewa masu dukiya sun ƙara danne ma'aikata, sai ya gyara rawani ya ce, "Namu ya hau!" Kakana ya harzuƙa ya ce taɗiya ce ta haram, alƙali ya ci hanci. Ni ina tsakiya da littafi, ina gumi, ina neman yadda ake cewa "ƙarin ƙima" da Hausar da tsoho zai yarda da ita.

Wani lokaci abin ya kan zo daidai har in yi mamaki. Na karanta musu cewa mai aiki shi ke yin abu da hannunsa, amma wani ke kwashe amfanin. Suka ce wannan ai ba sai an je lakkwal ba, kowa ya san mai sayen hatsi da kaka ya sayar da bazara. Suka kama sunayen mutane suna jerawa, har na ji tsoro na koma shafi na gaba da sauri. Wani lokaci kuma sai littafin ya shiga dogon lissafin yadi da ƙarfe, su kama gyangyaɗi ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji carbi ya faɗi.

Ni dai ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. A gindin bedi kowa jira yake ka yi shiru ya karɓe magana. A gindin aduwa kuwa saurarona ake yi, ana gardama da ni, ana ba ni goro. Amma kullum in babana ya dawo daga masallaci ya gifta ta gabanmu, sai ya ɗan rage tafiya ya dube ni, in tuna maganarsa ta wuta.

Matsalar ita ce kakana ɗan kokowa ne na gaske, kuma ɗan kokowa kaye yake jira. Mun gama littafi guda, mun shiga na biyu, hatsi ya yi bununi, ba wanda ya kai wani ƙasa. Ran nan ya katse ni a tsakiyar jimla.

"Dakata. Wanga marubuci maroƙi na, kirari ɗai ya iya. Kullum gobe za a kada Burzuwa, gobe za a kada Burzuwa. Mu zamaninmu in kun daɗe kuna zagaye awa zakaru, hid da ku aka yi. Ɗauko mini wanda anka yi kaye ciki."

Ranar mu biyu ne kawai, an yi ruwa da rana, tsofaffi ba su fito ba. Na shiga ɗaki na jawo kwalin, na tono wani ɗan siririn littafi da ni kaina ban taɓa buɗewa ba, don ba shi da hoton ƙato, bangonsa ma ya yage. Na ga yana magana a kan zamanin mulkin Nasara a ƙasashenmu, na ce a raina wannan aƙalla an san ƙarshensa, Nasara sun tafi, sai in ce masa ga kaye. Na buɗe tsakiya na fara juyawa da Hausa.

Wurin da na faɗa a kai yana bayanin aikin tilas ne. Yadda ake zuwa gari a ce kowane gida ya ba da namiji, yadda ake tafiya da su a jere, yadda suke fasa dutse su ɗauka a ka don a yi hanyar mota, ba lada, abinci ɗan kaɗan, wanda ya gudu a kama ubansa. Ina karantawa ina neman kalmomi, ban ɗaga kai ba, sai da na lura ba a katse ni ba. Kakana bai taɓa barina in yi jimla uku bai sa baki ba.

Da na dube shi, ya ajiye goron da yake ɓarewa a kan gwiwa.

Ya ce, "Wanga ba kokowa ba ta."

Na ce, "A'a, tsoho."

"Sauran ma ba kokowa ba ta."

Na ce, "Ba irin taku ba ta." Na san abin da na zubar.

Bai yi fushi ba. Ya daɗe yana kallon ruwan da ya kwanta a gindin aduwa, sannan ya fara magana, ba da muryar da yake tsokanata da ita ba.

"Shekarad da gemu yah hwara hito mini sunka zo, dogaran kumandan, Nasaran da ka mulkinmu. Kowane gida mutum guda. Gidanmu sunka ɗau biyu, ni da wana, wai mu ƙatta na. Dutsi munka ɗauka ga kai, tun sahe har rana ta hwaɗi. Wana ya hi ni kokowa nesa. Ni dut garin ga ba wanda ban kada ba, shi ɗai na ban taɓa kadawa ba. Zawo yak kama shi can. Nan bakin hanya munka gina rame da hannu munka sa shi, ko likkahwani babu. Ni ɗai nid dawo."

Ban taɓa jin kakana yana da wa ba. Na zauna da littafi buɗe a cinya.

Ya ce, "Sunanai na ciki?"

"Babu, tsoho. Ba su sa sunan kowa ba."

"Amma an rubuta an yi."

"An rubuta."

"Da Nasaranci?"

"Da Nasaranci."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ke nan su ma sun karanta." Sai ya ce in mai da littafin inda na ɗauko shi, in tashi in ba shi wuri.

Daga ranar karatu ya tsaya. Tsofaffi suka zo washegari, ya ce musu mai karatu maƙogwaro ke damunsa. Buzu ya ce ƙarya ne, an ga Burzuwa zai yi kaye ne aka tsai da wasa. Kakana ya yi dariya, amma bai ce a ɗauko littafi ba. Ni kuma ya daina ce mini ɓarawon matarsa, sai ya kira sunana kawai, abin da ya fi zagi ciwo a wurina. Tausayinsa ya cika ni, tsoro kuma bai bar ni ba. Kwalin yana ƙarƙashin gadonsa, hutu yana ƙarewa, ina ta tunanin da wane ido zan dubi ƴan ƙungiya in ce musu dukiyar jama'a ta zama toka.

Ranar komawata ta zo daidai da kasuwar Affala, inda zan samu motar Tawa. Da hantsi an ɗaura wa jaki amalanke, an ɗora mini ɗan buhun hatsi na masu masaukina. Na nufi ɗakin tsoho, sai na tarar babana ya riga ni, yana tsaye a ƙofa.

Ya ce, "Baba, na ga an bar karatu. Ke nan an gane. A ba ni su in huta."

Sai muka ji ana jan abu a ƙasa. Kakana ya fito da baya, yana jan kwalin da hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Ya kawo shi tsakiyar fili, gaban babana. Na rufe ido. Da na buɗe, sai na ga ya juya ya zauna a kai daram, ya miƙe ƙafafu, ya jingine sanda gefe.

Ya ce, "Takardun kokowa na."

Babana ya ce, "Haba Baba. Kai ma ka san ba na kokowa ba na."

"Ni da niy yi kokowa ni ka cewa, ko kai da ba ka yi ba? Na ce na kokowa na. An kada mu, an rubuta. Mai son shi ƙone su, ga hwage, shi zo shi tashe ni." Ya tafa cinya da tafin hannu, irin yadda ƴan kokowa ke yi in suna kiran abokin karo.

Kakata, da ke tsaye da ƙwarya a hannu, ta dubi tsoho mai gwiwoyi kamar busasshen kara yana kiran ɗansa kokowa, ta kasa riƙewa. Ta ajiye ƙwaryar ta rangaɗa guɗa, ta hau yi masa kirarinsa na samartaka, tana yi tana dariya har da hawaye. Maƙwabta suka leƙo ta saman zana. Babana ya tsaya, bakinsa yana motsi, yana so ya ɗaure fuska ta ƙi ɗauruwa. Daga ƙarshe ya durƙusa ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Baba. Ka kada ni."

Tsoho ya juyo gare ni. "Kai kuma, ɓarawon matata, zo ka tashe ni, gwiwa ta ƙi. Kuma ka gaya ma marubutanku su rage kirari."

Na kama hannunsa na ɗaga shi. Don daɗi sai na ce masa ya yi nauyi don tuwon banza da yake ci. Ya kai mini sanda, na goce.

Babana ne ya raka ni Affala, shi ke korar jaki, ni ina zaune a kan kwalin don har lokacin ban gama yarda ba. Duk hanya bai ce mini komai ba sai maganar hatsi da tsuntsaye. A tasha motar ta cika ta batse, awaki a sama, mutane a kan buhuna. Na ɗauki kwalin zan miƙa wa yaron mota, sai babana ya karɓe shi daga hannuna. Ya hau da kansa, ya nema masa wuri tsakanin buhuna, ya kwance igiyar amalanke ya ɗaure shi tam. Da ya sauko bai dube ni ba, yana ta kakkaɓe riga.

Ya ce, "Rannan da anka yi ruwa, ina bayan zana ina gyaran ƙotah hauya. Na ji abin da yac ce maka."

Ya ci gaba, har lokacin bai dube ni ba.

"Sunan wan nan nai anka sa mini. An dai ce mini ya rasu da ƙuruciya. Ban taɓa sanin inda yake kwance ba, sai rannan." Ya ɗan tsaya, ya share fuska da hannun riga kamar gumi ne. "In ka zo hutu, ka taho da ƙaramin nan mai yagaggen bango. Ka karanta mini wurin, tun daga hwarko."

Na ce to, Baba.

Direba ya ta da mota, na kutsa na samu gefen buhu na zauna. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Muna fita daga tasha na ji muryar babana a bayanmu, shi da ba ya ɗaga murya, yana bin motar da sauri yana kiran yaron mota: "Kai, ja tampol ka ruhe kwalin nan! Takardu na, kar ruwa shi taɓa su!"